Hoton Nafisa a Shafin Asibiti

"A bakin Aisami mai taya zan ji labarin matata? Aisami fa!"

Uwaisu ya dangwarar da salularsa a gaban Nafisa. Ko takalmi bai cire ba, shi da yake wa kowa faɗa a kan shiga ɗaki da takalmi.

Ta duba. Shafin Fesbuk ne na wani asibitin koyarwa a Yamai. Sun sa hotunan likitoci shida da suka ci konkur, jarrabawar neman gurbin karatu, za su yi shekara huɗu suna ƙwarewa a kan haihuwa da tiyata. Ita ce ta uku.

Ita ta ɗauka takarda za a aiko, ta samu lokacin lallaɓa mijinta. Ina! Mutanen Yamai ba su san lallami ba.

"Duk kasuwar Gure ana yi mini barka, ina ta washe baki kamar gaula! Ashe taron da kika ce kin je..."

"Na yi taron, Yaya, na kuma zauna konkur ɗin. Tsoro ne ya sa na ɓoye maka. Ka yafe mini."

"To ki ce musu kin fasa."

"Ba zan taka ƙofar gidan nan ba sai da yardarka. Amma fasawa, wallahi bakina ba zai iya faɗa ba."

"Shekara huɗu, Nafisa! Me kika rasa a nan?"

"Raihana na rasa."

Raihana ƙanwarsa ce, wadda ta rasu wajen haihuwa bara.

"Ni na riƙe hannunta a mota," in ji Nafisa, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "Abin ya fi ƙarfin ilimina, na ce mu tafi babban asibitin Damagaram. Ko Gidimuni ba mu kai ba ta cika. Tun ranar na ƙudura ba zan sake tsayawa ina kallo ba."

Ya ɗauki salularsa ya fita.

Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ga shi ranar Alhamis asibitin ke son amsa. Kewarsa ta yi mata yawa, tana son mutumin nan kamar ranta. Duk da haka kullum da safe, in ta ajiye masa shayi, sai ta ce, "Ina nan ina roƙo, masoyina."

Ranar Laraba da hantsi tana duba masu awon ciki, wata ungozoma ta shigo da gudu.

"Likita, kin ga abin da maigidanki ya yi?"

Ta buɗe shafin. Ƙarƙashin hotunan sauran, dangi sun cika wuri da addu'a. Ƙarƙashin nata kuwa, Uwaisu ne, mutumin da kunya ba ta barinsa ya kama sunanta a gaban mutane, ya rubuta duniya na gani:

"Wannan Nafisa ce, matata, hasken gidana. Amana na ba ku. Ku koya mata da kyau, ku maido mana ita Gure, matan garinmu na jiranta."

Ta kira shi, ta fashe da kuka.

"Share hawayenki," ya ce. "Ki amsa musu yau. Da kin tafi tun shekara biyar baya, da yanzu Raihana na goye da ɗanta."