Gidan Tsutsa Mai Nauyi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Yaya.

To, akwai wata mata, Tasalla, mai kaɗin zaren tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna ado da shi. Zaren nan wata 'yar tsutsa ce ke yin sa. Ganyen doka take ci, ko na tsamiya. In sun ƙoshi sai su taru su saƙa gida a reshe, su kwanta ciki har su zama faɗa-wuta, 'yan ƙanana masu fiffike launin toka.

A gidansu Tasalla, sai gidan da tsutsotsin suka fice suka bari ake cirewa. Mai nauyi ba a taɓa shi, da rai a ciki.

Ran nan ta yini a daji ba ta samu wanda suka bari ba. Dab da magariba ta ga wani gidan a kan doka, ƙato, mai nauyi. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta sa lauje ta yanko shi, ta jefa a ƙwarya.

Tana tafe sai ta ji ƙwaryar da ke kanta ta yi ɗumi. Daji ya yi tsit. Ga wata tsohuwa tsaye a hanya, da mayafi launin toka, gari-gari na zuba daga jikinsa.

"Sannu, Iya," in ji Tasalla.

"Sauke."

Muryar kamar ana tauna ganye. Tasalla ta sunkuyar da kai, sai idonta ya kai ƙasan zanen. Ƙafafu ne ƙanana, jere-jere, suna motsi.

"'Ya'yana barci suke. Wa ya tashe su?"

"Tuba nake, Iya."

"In ba su fita daga nasu gidan ba, ke ma ba za ki shiga naki ba. Mayar."

"Ba ni da igiya."

"Kina da gashi."

Tasalla ta koma gindin dokar, ta warware kitsonta, ta yanke da laujen, ta ɗaure gidan a reshensa. Tsohuwar na bayanta, numfashinta a wuyanta. Ta kwasa da gudu ba waiwaye.

Ta rayu. Amma inda ta yanke, gashin da ya fito launin toka ne, laushi kamar zaren, kuma kullum magariba faɗa-wuta kan taru a kansa.

Kada in ji waninku ya bi hanyar dokar nan shi kaɗai.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. A rage fitilar nan, ga ɗaya can tana zagayawa.