Ƙasar Aro a Bakin Teku

Ku matso, a rage fitilar nan. Hajjo, in tun yanzu kin fara rawar jiki, tashi ki koma wurin Inna. Wannan ba tatsuniya ba ce. Kawu Sallau ne ya faɗa mini da bakinsa, bai kuma sake faɗa ba.

A samartakarsa, shi da wansa Jibo suke kora shanu kudu, a ƙafa. Wata shekara rani ya yi tsanani, suka yi ta gangarawa suna bin ciyawa har ƙasa ta ƙare. Gab da magariba suka fito wani shimfiɗeɗen fili mai danshi, ruwa yana ƙyalli can nesa. Shanu suka hau lasar ƙasa, don akwai gishiri a cikinta.

Jibo ya yi dariya, ya ce, "Ga fadama, ga kanwa kyauta. Ruwa ya janye, sai kuma damina."

Kada ku ga wautarsa. Ku ma haka za ku ce. A wurinmu in ruwa ya tafi, sai shekara ta zagayo.

Suka shiga can tsakiya, suka ɗaure maruƙa a turaku. Jibo ya yi barci. Kawu ya kasa. Babu tururuwa a wurin, babu sawun mutum. Itatuwan gefe a kan saiwoyinsu suke tsaye, kowanne da zanen laka daidai ƙirjin mutum. Ya ga ƙaguwa suna hawa saiwoyin, shiru, a jere. Tsuntsayen da ke tonon laka suka tashi gaba ɗaya.

Sai ya ji sallama. Wata tsohuwa ce, doguwa, siririya, da mayafi ruwan toka. Hausarta irin ta garinmu.

"Sannu, ɗan Arewa."

"Yawwa, Iya. Daga ina da daren nan?"

"Daga inda ka fito. Da damina ina fadamarku. In ta bushe, nan nake kiwo." Ta dubi shanun. "Wa ya ba ku wurin nan?"

"Ba mu ga mai shi ba."

"Yana hanya. Safe da dare yake zuwa. Ƙasar aro ce."

Ta juya. Nan ya ga gwiwoyinta baya suke lanƙwasawa, irin na zalɓe. Sawunta a laka yatsu uku ne. Ya shiga addu'a a zuci.

Ta ce, "Akwai marmara a ƙarƙashin lakar nan, siririya kamar kunyar gona. Ita kaɗai ke ɗaukar mutum zuwa tudu. Taka inda na taka. Kada ka buɗe baki a hanya. Ruwan nan murya yake bi."

Kawu ya tashi Jibo. Ruwa ya riga ya rufe musu idon sawu. Ba da ƙara ya zo ba, lallaɓowa ya yi.

Jibo ya ce, "Maruƙa a ɗaure suke."

"Yaya, bar su."

"Ba zan bar su a igiya ba. Je ka, ina bayanka."

Kawu ya bi tsohuwar. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Wata ya shige gajimare. In ƙafarsa ta kauce kaɗan, sai ya ji laka tana jan ta.

Sai ya ji daga baya, "Sallau! Ina kake?"

Ku gane, Jibo bai san marmarar ba. A duhun nan murya ce kaɗai za ta nuna masa hanya. Kawu ya buɗe baki.

Tsohuwar ba ta waiwayo ba. Ta ce, "In ka amsa, ku biyu zai ɗauka."

Ya cusa wuyan rigarsa a baki ya cije. Jibo ya yi ta kira. Daga baya ya daina ɗaga murya, ya ce a hankali, yadda yake masa magana suna yara, "Sallau, yi magana mana."

Sai kukan shanu kawai. Can shi ma ya ɗauke.

Gari ya waye masa a kan tudu, shi kaɗai. Ruwa ya sake janyewa. Filin yana nan kamar jiya, fes, tsuntsaye sun dawo suna tonon laka. Babu saniya, babu Jibo, ko sandarsa bai gani ba.

Na tambaye shi, "Kawu, gaskiya tsohuwar ta faɗa?"

Ya ce, "Abin da ban sani ba ke nan, Ladidi. Wataƙila ta cece ni. Wataƙila da na amsa, da ya iso." Ya yi kuka a gabana, dattijo da furfura. Ni ma na yi, har yanzu in na tuna zuciyata nauyi take yi.

Don haka in Allah Ya kai ɗayanku bakin teku, kada ya taka ƙasar da ruwa ya bari shi kaɗai, sai da ɗan gari. Kuma ku daina yi wa Kawu dariya. Ku an hana ku amsa kira da dare. Shi kuwa, in aka yi kira a duhu, ko sunan wa aka kira, sai ya zabura daga barci ya ce, "Ga ni nan, Yaya."