Diskin Karima

La'asar ta yi sanyi lokacin da Sadiƙu ya rufe shagonsa na gyaran kwamfuta a Dogon Dutsi, ya ɗaure kwali a bayan babur, ya kama hanyar ƙauyen Kiyeshe. A cikin kwalin akwai sabuwar kwamfuta da Malam Rufa'i, tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, ya sa aka kawo masa daga Yamai. Aikin ba mai wuya ba ne a ganin Sadiƙu: ya ciro diskin tsohuwar kwamfutar gidan, inda komai ke ajiye, ya dasa shi a cikin sabuwar, ya juyo gida.

Damina ce, hatsi ya fi mutum tsayi, hanya duk yashi mai laima. Sau da yawa sai ya sauka ya tura. Ko da ya isa gidan, rana ta kusa faɗuwa, hayaƙin kara ya lulluɓe ƙauyen.

Malam Rufa'i ya tarbe shi a zaure, ya kai shi wani ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Ɗakin ɗiyarsa ne, Karima. Tun tana jami'a take yawo ƙauyuka tana ɗaukar muryoyin tsofaffin mata, waƙoƙin daka da na rijiya, tana ajiye su a kwamfutarta. Tafiyarta ta ƙarshe, ta dawo daga wata tsohuwar rijiya a daji da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Daga baya kwamfutar ma ta mutu. Malam ya ce shi ba waƙoƙin ne suka dame shi ba. A farkon kowace waƙa Karima takan yi magana, ta faɗi sunan gari da sunan mai waƙar. Muryar yake so ya sake ji.

Matarsa Barira ta kawo ruwa ta ajiye. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

Sadiƙu ya kwance tsohuwar kwamfutar, ya ciro diskin, ya busa ƙura. Yana juya shi ya ga matsala. Tsohon yayi ne, mai faffaɗan baki da allurai jere layi biyu, irin wanda ake haɗawa da waya mai faɗi kamar ɗamara. Ya zaro wayar ita ma, ya ajiye ta gefe. Ya buɗe sabuwar, ya haska kart-mer, babban allon da komai ke maƙale a jikinsa. Ƙofofinta duk ƙanana ne, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Babu inda waccan wayar za ta zauna. Ko bakin wutar ma bai zo ɗaya ba.

Ya yi wa Malam bayani a hankali. Ya ce diskin bai lalace ba, ƙofar ce ba tasa ba. Sai an nemo adaftata, 'yar na'urar da za ta haɗa su, daga Yamai ko Sakkwato, kuma in aka matsa da ƙarfi allurai za su karye, komai ya tafi. Malam ya roƙe shi ya gwada ko sau ɗaya. Sadiƙu ya ce ba zai yiwu ba. Ya ajiye diskin a kan tabarma, ya jona sabuwar kwamfutar da batirin sola don tsohon ya ga aƙalla tana aiki.

Allon kallo ya kawo haske. A waje shanu suna shigowa gari, tattabaru suna komawa ɗakinsu.

Sai ya ji ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ya san wannan ƙarar, kullum yana jin ta a shago. Ƙarar diski ce idan ya fara juyawa. Amma sabuwar kwamfutar ba ta da abin da ke juyawa a ciki.

Ya dubi tabarma. Diskin yana nan inda ya ajiye shi, ba waya, ba wuta, yana rawa a hankali har zaren tabarmar na motsi.

Wani wari ya cika ɗakin, warin ruwan da ya daɗe a rijiya, da jiƙaƙƙiyar igiya.

Sadiƙu ya waiwaya wajen kwamfutar. Faffaɗar wayar da ya bari a gefe tana cikin akwatin sabuwar kwamfutar yanzu. An cusa bakinta a ƙaramar ƙofar kart-mer, an lanƙwasa ta, an matse ta har roba ta tsage. Shi bai taɓa ta ba. Malam kuwa yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa.

Ɗaya bakin wayar yana jan jiki a ƙasa, yana nufar diskin.

Kafin ya iya motsi, sun haɗu.

Lasifika ta yi shuu. Aka ji ƙarar guga yana bugun bangon rijiya, ruwa yana ɗiga. Sai muryar budurwa, siririya, kusa ƙwarai kamar a cikin ɗakin take.

"Rufa'i."

Tsohon ya miƙe tsaye.

"Rufa'i, ƙofar ta yi mini kaɗan. Amsa mini in shigo."

Daga bakin ƙofa Barira ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Malam, kada ka amsa. Yaushe ɗiyata ta taɓa kiran sunanka?"

Sadiƙu ya fizge wayar batir. Allon bai mutu ba. Ya danna maɓalli, ya sake dannawa. Hasken ya koma kore-kore, kamar ruwan da ake hangowa daga bakin rijiya, kuma a can ƙasa akwai wani abu dogo da ke ɗago kai.

Ya kai hannu zai raba diskin da wayar.

Hannun ya manne.

Sanyi ya shige shi ta yatsu, ya hau gwiwar hannu, ya hau kafaɗa. Ya so ya yi salati, harshe ya ƙi. Wani abu yana lalube a maƙogwaronsa, a nutse, yana gwada nan, yana gwada can.

Bakinsa ya buɗe da kansa.

Waƙar jan ruwa ta fito, da muryar mace. Bai taɓa jin waƙar ba a rayuwarsa.

Ta tsaya a tsakiyar baiti. Ta bakinsa aka ce, "Rufa'i."

Malam ya tako, hawaye na bin gemunsa. Ya sunkuyo, ya kawo kunnensa daf da bakin Sadiƙu.

"Na'a..."

Bai ƙarasa ba. Barira ta shigo da taɓarya, ta ture mijinta gefe, ta yi bisimilla, ta sauke ta a kan diskin, daidai gefen yatsun Sadiƙu. Ta sake. Ta sake. Ƙarfen ya fashe, wani baƙin ruwa mai sanyi ya malalo a kan tabarma.

Allon ya mutu. Sadiƙu ya faɗi da baya yana tari, yana amayar da ruwa mai ɗanɗanon laka. Daga masallaci ladan ya fara kiran magariba.

A ƙauyen Sadiƙu ya kwana, a zauren liman. Da safe aka ƙone tabarmar, aka binne ɓaraguzan diskin nesa da gonaki. Ya koma Dogon Dutsi da babur a cikin amalanke, don hannunsa na dama ba ya iya riƙe kan babur. Har yau yatsu biyu ba sa jin zafi ko sanyi, kuma muryarsa ta dushe, ba ta dawo daidai ba. Yana nan yana gyara, amma in aka kawo tsohon diski yakan tambayi na wane ne, da ko mai shi yana raye.

Malam Rufa'i ya kurmance a kunnen da ya miƙa. Wannan bai dame shi ba. Bayan girbi Barira ta zo kasuwar Dogon Dutsi, ta biyo ta shagon ta gaishe da Sadiƙu. Ya tambaye ta jikin Malam. Ta ce da sauƙi, yana ci, yana zuwa masallaci, yana magana da kowa.

Ta gyara lulluɓinta, ta ɗauki kwandonta.

"Ni kaɗai ce bai yi wa magana ba tun ranar. Ya ce na kashe masa ita sau na biyu."