Farfela Daga Ƙasan Kogi

Ku matso kusa, ku rage murya. A bakin kogin Yawuri aka yi wannan.

Labbo matuƙin jirgin ruwa ne. Da inji guda yake ciyar da gidansa, yana ƙetarar da 'yan kasuwa. Rannan injin ya buga. Sabon inji ya fi ƙarfinsa, sai ya shiga tsince-tsince: fistin na hannu daga wajen makanike, kabureta daga tsohon injin ban-ruwa. Wata biyu yana fama, har matarsa ta fara sayar da kwanukanta. Allah Ya taimaka, inji ya tashi. Saura farfela, mai tura ruwa. Tasa ta karye, ga kasuwa gobe.

Gab da magariba yana zaune a gaɓa shi kaɗai, sai ya ji sallama. Muryar kamar daga cikin tulu. Wani dogon mutum ne, rigarsa na ɗigar ruwa, alhali ko hadari babu. Ya miƙo farfela, duk gansakuka.

"Ta jirgina ce. Riƙe."

"Nawa, Malam?"

"Ka dai tsaya mana a tsakiyar kogi."

Labbo ya duƙa yana duba ƙarfen. Ya ɗago, ba kowa.

To, matuƙan jirgi suna da ƙa'ida. Ƙarfen da ya fito daga ƙasan kogi ba a ɗaura shi sai maƙeri ya sa shi a wuta, an yi wa mamatan jirgin da ya nutse da shi sadaka. Labbo ya san haka sarai. Ya tuna tukunyar gidansa, ya ce a ransa, bayan kasuwa. Ya ɗaura.

Da safe jirgi ya cika da mata da goyo da buhunan albasa. Ana ta raha. Ana kaiwa tsakiya, inji ya rage gudu don kansa.

Jirgi ya karkata, kamar wani ya dafa ya hau. Ya sake karkata. Ya sake. Ba a ganin kowa, amma katakon zama na jiƙewa wuri-wuri. Ruwa ya taso, saura yatsu uku ya shigo. Rahar ta mutu.

Wata tsohuwar mai kifi, Inna Tamu, ta kafe shi da ido. "Kai Labbo, wannan ƙarfen ya ga wuta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Amma ka cuce mu, ɗan nan. Kada ka kashe inji. Kada ka waiwaya. Ku kuma ku riƙe 'ya'yanku, ku kama salati."

Aka fara tura buhuna cikin ruwa. Labbo na jan Ayatul Kursiyyu. Wani abu mai sanyi ya zauna jikin kafaɗarsa. Jirgi na tafiya kamar ana jan dutse.

Da ƙyar hancin jirgin ya taɓa yashi. Ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan, tun kafin ko mutum ɗaya ya sauka. Mata suka fice suna kuka, ba wadda ta rasa ɗanta. Alhamdu lillahi.

Labbo na shirin miƙewa, muryar ta yi magana daf da kunnensa.

"Madalla. Saura matanmu da yaranmu a ƙasan ruwa. Sai kasuwa mai zuwa."

A nan ya bar jirgin, da inji da komai. A mota ya zagayo gida. Yanzu itace yake sayarwa, ko alwala ba ya yi da ruwan kogi.

Don haka in magariba ta gabato, kada ɗayanku ya zauna a gaɓa shi kaɗai. Ku tofa addu'a, ku kwanta.