Ranar da Alhaji Ya Kashe Inji

Raihana ta fara ganin Zakiyyu ne a wani shagon kayan lantarki cikin kasuwar Daura, yana ta ɗibar makunnai kamar mai awon gyaɗa. Ita da ta karanci lantarki, bakinta ya ƙi yin shiru.

"Malam, waɗannan ba za su yi ƙarko ba. Me kake haɗawa?"

"Jirgin sama," ya ce yana sosa ƙeya. "Amma wanda ba ya tashi."

Ashe na'urar koyon tuƙin jirgi ya gina a garejin gidansu, da kujerar tsohuwar mota da talabijin uku masu nuna sararin sama. Saura teburin malami, inda mai koyarwa zai zauna a baya yana jefo wa matuƙi matsala, ya turo hadari ko ya kashe inji, ya ga yadda zai yi.

Raihana ce ta zana teburin, ta haɗa wayoyinsa. Wata uku zancensu na ƙofar gida rabi soyayya ne, rabi darmar wayoyi. Wata rana ya turo mata saƙo:

"Malamata, jan maɓallinki ya yi aiki. Sau huɗu na faɗo yau, kuma ban ji haushinki ba ko sau ɗaya."

Ta karanta ya fi sau goma. Gaskiya ta kamu.

Sai dai mahaifinta, Alhaji Maharazu, mai fataucin shanu, ya riga ya sa ido a kan Hafizu, ɗan amininsa mai manyan motoci, a matsayin suruki. Da ta kawo masa zancen Zakiyyu, sai ya ce:

"Ƙato da gemunsa ya shige akwati yana wasan yara, shi zan ba 'yata?"

Raihana ta durƙusa. "Baba, ba ka taɓa sayen bijimi ba sai ka kora shi ka ga tafiyarsa. Shi ma ka gwada shi. In bai yi maka ba, na haƙura."

Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya je garejin, ya tattare babbar riga ya zauna a teburin. Zakiyyu ya gaishe shi, ya shiga, ya tashi jirgi. Raihana ta fara nuni: "Wannan na hadari ne, Baba, wannan na injin hagu..."

Bai jira ta gama ba. Tafin hannu ya sa ya danne maɓallan gaba ɗaya. Ba su taɓa gwada hakan ba. Sararin saman da ke cikin talabijin ya yi duhu, ƙararrawa ta kama kuka.

"Baba, ka bar mini ko inji ɗaya?" Zakiyyu ya tambaya.

"Ban bar maka komai ba."

"To, bismillahi. Ga wata gona can."

Gumi ya jiƙe masa riga, amma a hankali ya yi ta lallaɓa jirgin har ya dire a gonar, taya ɗaya a karye.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. "Na ƙwace masa komai, bai ɗaga murya ba, bai kuma waiwayo neman mai laifi ba. Yaro, ka turo magabatanka."

Raihana ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye.

Ba a daɗe ba, wata Juma'a bayan sallah aka ɗaura aure. Da suka zo sallama, Alhaji ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Na ba shi ke hankalina kwance, Raihana. Na ga yadda yake a ranar da komai ya lalace."