Kumfa Tsakanin Yatsu

Da sabulu abin ya fara. Safara'u ɗiyar Malam Rabe tana zagaya rumfunan bakin iyaka a Jibiya da faifan sabulun salo da Innarta ke dafawa, sai wani bakanike ya ɗago kai daga gindin babur ya ce ta ba shi guda.

Ta dubi hannunsa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, dariya ta kufce mata.

"Malam, wanga hannu ko faifan duka ka saya ba ya fita."

"Ba don hannuna ba ne," ya ce. "Don injin ne."

Zunnuraini ke nan, aminin yayanta Uwaisu. Gwani ne a gyaran tsofaffin babura masu hayaƙi, waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ya nuna mata yadda yake toshe bakin kabireta da na salansa, bututun fitar hayaƙi, ya hura iska cikin injin da famfon keke, ya shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa. Inda kumfa ta taso, nan ɓarakar take.

"Injin irin wannan da numfashi yake rayuwa," in ji shi. "In iska ta sami ƙofar sata, sai mai ya yi ƙaranci, ya yi ta zafi har ya tsaya miki a tsakiyar hanya."

Ita dai ba injin take kallo ba. Daga ranar, duk Lahadi sai ya sayi sabulu, ko da na makon jiya bai ƙare ba. Ta sa masa suna Baƙin Hannu, shi kuma yana kiranta Farin Cikina. Uwaisu ya gano su tun kafin su gane kansu, ya riƙa tsokanarta a gida yana cewa injunan Jibiya sun fi jarirai shan wanka.

"Farin Cikina, yau babura uku na gwada, babu mai ɓaraka sai zuciyata," ya rubuto mata a waya wata rana.

"To a shafa mata sabulu a gani," ta mayar.

"An shafa. Sunanki kumfar ta rubuta."

Kai, duniya! Ana cikin wannan daɗi aka rufe iyaka. Motoci suka yi jerin gwano har tayoyinsu suka sace, kayan gyaran da ake kawowa daga Maraɗi suka ɓace a kasuwa. Wata Laraba Uwaisu ya kawo tsohon babur ɗin Babansu, wai ba ya ja a tudu. Zunnuraini ya tarar da rin ɗin fistan da ke riƙe matsin injin ya cinye, ya sa sabo. Ya ɗauko famfo da sabulu, Uwaisu ya ce sauri yake, zai kai wa kakarsu magani a Gangara, a bari sai ya dawo.

Bai dawo ba. Babur ya mutu masa a hanya da rana tsaka, 'yan bindiga suka riske shi yana turawa. Da la'asar aka kawo gawarsa, washegari aka kawo babur a amalanke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a share makoki ba magana ta fara yawo: hannun bakanike ne. Abdulfatah, wani mai sayar da tayoyi da ya daɗe yana aiko wa Safara'u gaisuwa tana mayarwa, shi ya fi kowa yayata ta. Ko da dattijan Zunnuraini suka zo neman izinin aurenta bayan wata biyar, Malam Rabe bai bari sun gyara zama ba.

"Ba ni yi wa ɗiyata dole," ya ce. "Ta auri wanda ta so a duk faɗin Katsina. Amma hannun da ya taɓa babur ɗin nan ba ya riƙe hannunta ina raye."

Safara'u ta ji daga bayan ƙofa. Ta yi rashin yaya, ga shi za ta yi rashin masoyi, kuma ba ta da wanda za ta yi fushi da shi, don tana jin kukan da tsohon yake yi a ɓoye in ya idar da salla. Ta daina fita talla. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Babur ɗin kuwa yana nan a zaure, an lulluɓe shi da tabarma, kowa na ratse shi kamar kabari.

Abin da ya fi ci mata rai, shi kansa Zunnuraini bai kare kansa ba.

"Ka ce wani abu mana, don Allah," ta rubuta masa.

"Mi zan ce, Farin Cikina? Ban gwada shi da sabulu ba. Na bar shi ya tafi. Ko barci na yi, famfon nan nake gani a hannuna."

"To kai ka kashe shi?"

Kwana biyu ba amsa. Ta yi kuka har Innarta Salmatu ta ƙwace wayar ta ɓoye a cikin kwalla.

Sai ga Abdulfatah da tausayin ganin ido, ya ce ranar Asabar zai turo masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe babur, Baba ya huta da ganinsa. Safara'u ta san in babur ya tafi, gaskiya ta tafi ke nan har abada. Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ko ɓarawo aka kama ana barinsa ya buɗe baki. A bar shi ya duba sau ɗaya. In aikinsa ne, wallahi ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. "Ya zo ya ga aikin hannunsa."

Ranar Juma'a da hantsi Zunnuraini ya zo. Ya gaida Malam Rabe a tsugune, ba a amsa ba. Abdulfatah na jingine da bango. Safara'u ta miƙo kwanon ruwan sabulu, ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida.

Zunnuraini ya cire fulogi, ya danna babban yatsansa a ramin, ya taka kik. Iska ta tunkuɗe yatsan da ƙarfi, fat!

"Matsi yana nan," ya ce a hankali. "Rin ɗin bai saki ba."

"Wannan ai kowa na iya yi," in ji Abdulfatah.

Zunnuraini ya ci gaba da aikinsa. Ya buɗe murfin gefe inda kabiretar irin wannan babur ke ɓoye, ya toshe bakinta da tsumma da leda, ya toshe salansa, ya haɗa famfo a ramin fulogi ya hura. Ya shafa sabulu a gindin silinda inda ya yi aiki, babu kumfa. Ya shafa a bakin robobin ƙarfen da ke juyawa, babu. Ya goge tsohon maiƙo daga wuyan robar da ke haɗa kabireta da injin, ya shafa nan ma.

Safara'u ta ga fuskarsa ta canza. Maza ya ɗora tafin hannunsa ya rufe wurin.

"Baba," ya ce, "laifina ne. Da na gwada ranar, da na gani. Ka yafe mini, ba zan ƙara zuwa ƙofar gidan nan ba."

"To, kun ji da bakinsa!" Abdulfatah ya tafa hannu.

Duniya ta yi wa Safara'u duhu. Shi ke nan, ta ce a ranta, ta yi rantsuwa kuma ta rasa shi.

Amma Malam Rabe shekara talatin ya yi yana hawan babur ɗin nan tsakanin Jibiya da Maraɗi, ba a yi masa wasa da injin. Idonsa na kan hannun. Kumfa fara tana kunnowa ta tsakanin baƙaƙen yatsun, tana kumbura, tana fashewa.

"Ɗaga hannunka."

"Baba, don Allah..."

"Na ce ka ɗaga!"

Ya ɗaga. Wuyan robar a tsage yake, an naɗe shi da tsinken tiyub, an ƙulle da shuɗin zare, ƙulli biyu da hanci ɗaya. Duk gidan sun san ƙullin nan, har shi Zunnuraini, da shi Malam Rabe ke ɗaure bakin buhunan albasarsa.

Tsohon ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Na nemi sabuwa ban samu ba, iyaka a rufe, na ce bari in ɗaure kafin a buɗe. Na manta ban faɗa wa kowa ba. Wayyo Uwaisu, ashe ni na tura ka!"

Zunnuraini ya durƙusa ya riƙe hannuwansa, sabulu da maiƙo duka.

"A'a, Baba. Ba kai ba ne, ba zare ba ne. Babura nawa ke mutuwa a hanya kullum masu su na komawa gida? Waɗanda suka ɗauki bindiga su za su amsa gaban Allah. Kwanansa ne ya ƙare."

Suka yi ta kuka su biyu. Babu wanda ya lura lokacin da Abdulfatah ya zare jiki ya fice.

Bayan sallar layya aka ɗaura auren, ba kiɗa ba guɗa, don gidan bai gama makoki ba. Malam Rabe da kansa ya miƙe cikin mutane, muryarsa a dushe.

"Wata bakwai ina zagin yaron nan a kan laifina. Da ya gano, sai ya sa hannu ya rufa mini asiri, ya yarda ya rasa wadda yake so. Na ba shi Safara'u. Allah ya rufa masa asiri duniya da lahira, ya albarkaci zamansu. In sun sami namiji, ina roƙon a sa masa Uwaisu."

Aka amsa da amin, tsofaffi na share ido da bakin rawani.

Washegarin tarewa da safe, amarya ta kawo ruwan ɗumi da sabon sabulun salo, ta kama hannun angonta ta yi ta cuɗawa. Baƙin ko gezau.

"Tun ranar farko na faɗa maka ba ya fita," ta ce, hawaye na ɗiga cikin kwanon.

"To a haƙura mana, Farin Cikina."

"Wa ya ce maka so nake ya fita?"

Ta ɗora tafin hannun a kuncinta, ta riƙe shi nan.