Dattijon da Ke Cikin Fim

Muryarsa Aziza ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. A wani shagon tura finafinai ne a Tudun Fulani, an kunna fim mai fassarar Hausa: birnin zamanin da, sarki ya rasu, ana ta hayaniyar zaɓen magaji. Wani tsoho a ciki yana cewa, "Ba a ba mai ƙarfin murya tuƙin jirgin ruwa, sai wanda ya san taurari."

"Kai! Wannan ai zancen masanan Girka ne da ake koya mana a makaranta," ta ce.

"Ni na fassara shi," in ji saurayin da ke bayan tebur.

Zakiyyu ke nan. Shi ne muryar tsohon, shi ne ta waziri, har ta gimbiya shi ne. Tun daga ranar, ko tuwo Aziza take tuƙawa muryar nan take ji.

Ya turo mata saƙo: "Tauraruwata, masanan nan sun ce mai ilimi ya cancanci mulki. Na miƙa wuya, ki mulke ni."

Ta mayar: "Sun ce wanda ba ya so ake naɗawa. Ni kuwa ina so, ya ke nan?"

Amma da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Ndagi tela na Tudun Wada, ya ce atafau. "Ƙato da muryar mata? Ba a gidana ba!" Shi wani manemin nata, Sharif mai neman kujerar kansila, ya fi kwanta masa.

Aziza ta sha kukanta, sannan ta tura fim ɗin a wayar baban. Shi ba ya kallo, saurare yake yana taka keken ɗinki. Sai ga Malam yana musu da waya.

"Ƙarya kake, tsoho! Mu da ke cikin jirgin ba mu da ta cewa? Aziza, nemo min dattijon da ya yi fassarar nan."

Zakiyyu ya zo ya durƙusa.

"Au, kai ne? To amsa min. Wa zai tantance wanda ya san taurarin?"

Zakiyyu ya ɗago kai ya dube shi.

"Wallahi Baba ban sani ba. Ni ma tambayar ta daɗe tana damuna."

Malam ya ɗaga ƙafa daga keke. "Sharif bai taɓa ce min bai san wani abu ba."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, Aziza tana jiyo fatiha daga ɗaki kamar a mafarki. Malam ya riƙe hannun ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Amma kowace Juma'a ka zo, ba mu gama musun nan ba."